Jawabi A Kan Abin Da Wani Ɗalibi Baƙo Ya Gani A Ƙasar Koriya

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi. Jawabin wannan wata a kan wani ɗalibi ne daga Afirka, wanda ya tafi karatun aikin gona a ƙasar Koriya ta Kudu. Ya zauna da mutanen ƙasar, ya ci abincinsu, ya shiga biranensu da ƙauyukansu. Ga abin da ya gani.

Ina Ne Koriya?

Koriya tana can gabas mai nisa, a nahiyar Asiya, tsakanin ƙasar Sin da Japan. Teku ya kewaye ta ta gefe uku. A da ƙasa ɗaya ce. Japan ta mulke ta daga 1910 zuwa 1945. Bayan haka sai aka raba ta biyu, Kudu da Arewa. Daga 1950 zuwa 1953 ɓangarorin biyu suka gwabza yaƙi. Mutane da yawa sun mutu, garuruwa sun rushe, yunwa ta shiga ko'ina.

Yau mutanen Koriya ta Kudu sun kai miliyan 51. Babban birninsu shi ne Seul. Yawancin ƙasar duwatsu ne da tuddai, filin noma kaɗan ne. Ba su da arzikin man fetur. Duk da haka su ne ke ƙera motocin Hyundai da Kia, da wayoyin Samsung, da manyan jiragen ruwa.

Sai Da Ya Koma Ajin Farko

Ɗalibin ya sauka Seul yana da ilminsa, har da digiri. Amma da ya ɗaga ido ya dubi allunan kan hanya, bai iya karanta ko harafi ɗaya ba. Rubutunsu ba boko ba ne, ba ajami ba ne. Ya ce a ranar ya gane halin da mutum yake ciki idan bai iya karatu ba. Sai ya tambayi wani kafin ya hau mota, sai ya tambayi wani kafin ya sayi abinci.

Tsarin tallafin karatu na gwamnatin Koriya ya tanadi shekara guda ta koyon harshe kafin a fara karatu sosai. Don haka ya shiga aji tare da wasu baƙi, manya da su, suna maimaita baƙaƙe da wasula kamar yara.

Sunan rubutun Hangul. Wani sarki mai suna Sejong ne ya ƙirƙiro shi a 1443, aka bayyana shi ga jama'a a 1446. Kafin lokacin da rubutun Sin ake amfani, mai alamomi dubbai. Sai masu hali ke iya ɓata shekaru wajen koyonsa. Sarkin ya ga talaka yana da magana a bakinsa amma ba ya iya rubuta ta, sai ya yi musu haruffa masu sauƙi. Yanzu guda 24 ne: baƙaƙe 14, wasula 10. Cikin 'yan kwanaki ɗalibin ya fara haɗa su, ko da yake fahimtar harshen kansa ya ɗauke shi watanni.

Koriyawa suna girmama wannan sarki ƙwarai. Hotonsa ne a jikin takardar kuɗinsu ta won 10,000. Ranar 9 ga Oktoba kuma hutu ne don tunawa da rubutun. Hukumar UNESCO ma tana ba da kyautar yaƙi da jahilci mai ɗauke da sunansa.

Gaisuwa Da Ladabi

Abin da ya fara burge shi shi ne girmama na gaba. Idan za a gaisa, sai a rusuna. Idan za ka miƙa wa babba abu, ko ka karɓa daga gare shi, da hannu biyu ake yi. Yaro ba ya kiran sunan yayansa kai tsaye. Akwai kalmar da ƙane ke kiran wansa da ita, akwai wadda ƙanwa ke amfani da ita.

Da ka haɗu da mutum, ba a daɗewa zai tambaye ka shekarunka. Da farko ɗalibin ya ɗauka shisshigi ne. Ashe so ake a san wane ne babba, domin kalmomin da ake wa babba magana da su daban suke. A al'adarsu ta da, ranar da aka haifi jariri ana lissafa masa shekara ɗaya. A 2023 gwamnati ta koma lissafi irin na sauran duniya a harkokin hukuma.

Ba a shiga gida da takalmi. Dalili kuwa shi ne a ƙasa ake zama, a ci abinci, wasu ma a nan suke shimfiɗa su kwanta. Lokacin sanyi dusar ƙanƙara tana sauka, ruwa yana daskarewa a waje. Amma daɓen ɗaki da ɗumi yake. Suna kiran wannan dabara ondol. A da hayaƙin murhu ne ke bi ta ƙarƙashin daɓe kafin ya fita, wato wutar girki ɗaya ta yi aiki biyu. Yanzu bututun ruwan zafi ake shimfiɗawa.

Abinci

Shinkafa ce uwar abinci a Koriya. Kalmarsu ta bap tana nufin dafaffiyar shinkafa, tana kuma nufin abinci gaba ɗaya. Har gaisuwa suke yi da ita. Mutum zai ce maka, ka ci abinci? Ba wai zai ba ka ba ne, lafiyarka yake tambaya.

Ana kawo wa kowa kwanon shinkafarsa da na miya. A tsakiya kuma sai a jera ƙananan kwanoni na ganye da kifi da wake, kowa ya riƙa ɗiba. A gidan abinci, idan waɗannan ƙananan kwanoni suka ƙare, ana ƙarowa ba tare da ƙarin kuɗi ba. Da cokali ake ci, da wasu tsinkaye biyu na ƙarfe. Ɗalibin ya yi makonni abinci yana zame masa kafin hannunsa ya saba. Kuma yaro ba ya ɗaukar cokali sai babba ya fara.

Abincin da ba ya rabuwa da su shi ne kimci. Kabeji ne ake jiƙawa da gishiri, a shafe shi da barkono da tafarnuwa da citta da ruwan kifi, a rufe shi ya yi tsami. Ranar farko warinsa ya kori ɗalibin. Kafin shekara ta zagayo, shi da kansa yake nema.

Akwai hikima a cikin kimci. A da, idan sanyi ya shigo ba a samun ɗanyen ganye har tsawon watanni. Saboda haka a ƙarshen kaka, wajen Nuwamba, mata ke taruwa su yi gayya. Yau a gidan wance, gobe a gidan wance. Su haɗa kabeji mai yawa, su cika randuna, su binne a ƙasa. Da shi iyali za su ci har bazara. Yanzu firiji na musamman ya maye gurbin randa a gidaje da yawa, amma gayyar ba ta mutu ba. Suna kuma da wani abin miya na waken soya da ake bari ya ruɓa, mai kama da daddawa.

Ɗalibin Musulmi ne, kuma a nan ya gamu da wahala. Koriyawa suna cin naman alade sosai, shan giya kuma ya yawaita a wajen cin abincin dare. Wani lokaci alade yana ɓoye cikin romo ko cikin taliyar leda. Abin da ya cece shi shi ne karatu. Ya koyi yadda ake rubuta kalmar alade da Hangul, duk abin da zai saya sai ya juya bayan ledar ya karanta. Ya fi cin kifi da ƙwai da ganye. Idan yana son naman halal sai ya je unguwar Itaewon a Seul. A can babban masallacin birnin yake, wanda aka buɗe a 1976.

Ya kuma lura ba a zubar da shara yadda aka ga dama. Tun 1995 sai mutum ya sayi ledar shara ta hukuma, don haka mai yawan shara shi ke yawan biya. Ragowar abinci daban ake tara shi, a mai da shi taki ko abincin dabbobi ko iskar gas.

Tafiye-tafiye

A Seul akwai jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1974. Da kati ɗaya ake biyan kuɗinsa da na bas. A kowane tarago akwai kujerun tsofaffi da naƙasassu da masu juna biyu. Ko jirgi ya cika, da wuya ka ga saurayi ya zauna a kansu. Ɗan ƙasa da ya kai shekara 65 kyauta yake hawa.

Lokacin hutu ɗalibin ya hau jirgin KTX, wanda aka fara a 2004. Yana gudun kilomita 300 a awa ɗaya. Daga Seul zuwa Busan kimanin kilomita 400 ne, amma bai cika awa uku ba ya isa. Busan birni ne na bakin teku. A kasuwar kifi ta Jagalchi ya ga yawancin masu ciniki mata ne, kifi kuma da ransa ake sayar da shi cikin ruwa.

Ya je tsibirin Jeju, inda ake noman lemo. A can ya ga mata masu nutso cikin teku ba tare da tulun iska ba, suna tsinto abincin ruwa su sayar. Yawancinsu tsofaffi ne, wasu sun haura shekara 70.

Ya kuma je kusa da iyakar Arewa. Wani fili ne mai faɗin kilomita 4, an kewaye shi da waya, sojoji na tsaro ta kowane gefe. A 1953 tsagaita wuta kawai aka yi, ba a ƙulla cikakken sulhu ba. Akwai tsofaffin da yaƙi ya raba su da 'yan'uwansu tun suna yara, da yawa sun rasu ba su sake ganin juna ba.

Ƙauyen Koriya

Da yake noma ya kai shi, ƙauye ya fi jan hankalinsa. Tsofaffi sun ba shi labarin yadda suka tashi cikin talauci, a ɗakunan jinka, ba hanya ba lantarki. A 1970, zamanin Shugaba Park Chung-hee, aka fara wani shiri mai suna Saemaul, wato sabon ƙauye. Gwamnati ta ba ƙauyuka sama da 33,000 siminti, kowanne buhu 335. Mutanen gari su suka zaɓi aikin da za a yi, su suka ba da ƙarfinsu. Aka faɗaɗa hanyoyi, aka gina ƙananan gadoji, aka gyara rijiyoyi. Ƙauyen da ya yi ƙoƙari sai aka ƙara masa siminti da rodi. Mulkin na lokacin mai tsanani ne, ba a cika barin mutane su yi musu ba, kuma har yau Koriyawa suna muhawara a kansa.

Duwatsun da ya gani cike da itatuwa, an ce masa bayan yaƙi tsirara suke, domin an sare komai an yi makamashi. Da hannu aka sake dasa su shekara da shekaru. Ranar 5 ga Afrilu ita ce ranar dashen itace a ƙasar.

Gonakinsu ƙanana ne, amma ba a barin ko taki ɗaya a banza. Suna da rumfunan leda da ke ba su damar noman kayan lambu har cikin sanyi.

Ba A Rasa Nono A Ruga, Ba A Rasa Matsala A Gari

Ɗalibin bai ɓoye abin da ya dame shi ba. Ƙauyuka sun zama na tsofaffi, samari duk sun tafi birni. A 2023, fiye da rabin mutanen gidajen manoma sun kai shekara 65. Haihuwa ta ragu ƙwarai. A 1970 an haifi jarirai kimanin miliyan ɗaya, amma a 2023 kimanin 230,000 kawai. Makarantun ƙauye da yawa an rufe su don rashin yara.

A birni kuma kowa sauri yake. Gidaje da tsada. Yara suna tashi daga makaranta su wuce wajen ƙarin darasi har dare. Ranar babbar jarrabawar shiga jami'a, a watan Nuwamba, har jiragen sama ake dakatarwa na ɗan lokaci don kada ƙara ta dami ɗalibai. Wannan matsi yana gajiyar da matasa da yawa. Baƙo kuma yakan ji kaɗaici, musamman baƙar fata a ƙaramin gari, inda ake yawan kallonsa.

Abin Da Ya Fi Tsaya Masa A Rai

Da aka tambaye shi abin da ba zai manta ba, bai ambaci jirgi ko dogayen benaye ba. Ya ce wasu tsofaffin mata ne da ya gani a ajin ilmin manya a ƙauye. Yaƙi da talauci sun hana su makaranta suna yara. Yanzu da furfurarsu suke riƙe da fensir. Wata ta ce burinta ta karanta lambar bas da kanta. Wata kuma so take ta rubuta wa jikanta wasiƙa. A gundumar Chilgok, an ɗauki rubutun hannun wasu irin waɗannan tsofaffi an mai da shi haruffan kwamfuta, har ana buga takardu da shi.

To jama'a, kun ji labarin Koriya, daɗinta da wahalarta. Mutanen da suka fito daga yaƙi hannu wofi sun tashi ne da karatu, da gayya, da tattalin ɗan abin da suke da shi. Allah ya ba da zaman lafiya da damina mai albarka. Wassalam.