Hasken Kaza da 'Ya'yanta Ya Girmi Masarautar Gumel



Manomin Gagarawa ko Sule Tankarkar bai buƙatar kalanda ya gaya masa damina ta kawo jiki. Taurarin Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda malamai ke kira Surayya, kan ɓace a hasken rana cikin watan Mayu, su sake ɓullowa ta gabas da asuba cikin Yuni, daidai lokacin shuka. Ido kan ƙirga shida ko bakwai, amma madubin hangen nesa ya nuna sun haura 1,000.

Abin da manomin yake gani tsohon labari ne. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, duk da haka sai ya yi shekara wajen 440 a hanya kafin ya iso daga wannan gungu. Wato hasken da zai sauka kan kasuwar Maigatari daren Alhamis ya baro gida tun kafin a kafa masarautar Gumel wajen 1750, kafin ma a haifi Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alkahira a 1741.

Rana ita ma tauraro ce, kusancinta ne kawai ya sa ta fi sauran haske. Tana nesa da kilomita miliyan 150, tafiyar minti 8 da 'yan daƙiƙai ga haske. A tsakiyarta zafi ya kai digiri miliyan 15, nauyin jikinta kuma yana matse iskar haidirojin har ta haɗe ta koma hiliyom, tan miliyan 600 kowace daƙiƙa. Ɗan abin da ke salwanta a wannan haɗuwa shi ne zafin bazarar da ke korar mutane ƙarƙashin darbejiya. Shekarun rana biliyan 4.6. 'Ya'yan Kaza kuwa jarirai ne, shekara miliyan 100 ko sama da haka, kuma manyansu shuɗɗan nan za su riga rana mutuwa, domin babban tauraro almubazzari ne wajen cin makamashinsa.

Zara matar wata da Gamzaki ba sa cikin wannan lissafi: duniya guda ce, Zuhura, mai aron hasken rana.

Farin zanen da ke ratsa sama a daren da babu wata gefen tarin taurarinmu ne, sama da biliyan 100. Ƙauyukan nan sun fi Kano morar ganinsa, saboda ƙarancin fitilu, ko da yake ba wanda zai yi wa rashin lantarki godiya. Kafin hazon hunturu ya sauko, mai kaifin ido zai hango wani tarin, Andiromeda, da haskensa ya yi shekara miliyan 2.5 yana tafe. A 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa tarin da ke can nesa guje mana suke, mafi nisa ya fi gudu. Da aka bi sawun wannan faɗaɗa baya, awon zamani ya tsaya kan shekara biliyan 13.8 a matsayin shekarun sararin samaniya.