Wane Ne Lauyan Gaskiya a Maganar Gado?

Jawabin edita ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Jega, Aliero da Maiyama

Da zarar tsoho ya kwanta ciwo, ga gonar albasa, sai masu jaka su taso, kowa lauya. Ku yi hattara. Lauya sai ya yi shekara 5 a jami'a, kamar ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya ƙara shekara 1 a makarantar horar da lauyoyi, sannan a rubuta sunansa a Kotun Ƙoli. Mai rubuta takarda a ƙofar kotu ba lauya ba ne, komai Turancinsa. Ko lauyan gaskiya ne ya rubuta wasiyya, in ta wuce sulusin dukiya, alƙali ba zai zartar da ƙarin ba sai magada sun yarda.