Jawabi Ga 'Yan Itas Mazauna Ikko Da Badun



A shekarar 1969 wani Bature, Abner Cohen, ya wallafa littafi kan Sabo ta Badun, bayan ya zauna can yana binciken fataucin shanu da goro. Ya bayyana yadda maigida kan sauki falke, a sayar wa mahauta shanunsa bashi, ba takarda ba sa hannu. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya. Har yau masana na karanta littafin, mu kuwa masu sana'ar ko labarinsa ba mu ji ba.

To, yanzu ga jami'a a Gadau, ƙofar gidanmu. Idan ɗalibanta suka zo muku da tambayoyi, kada ku ɗauke su 'yan haraji. Ku sauke su, ku kai su wurin dattawan kara tun suna raye.