Chari Maigumeri da Sauran 'Yan Mazan Jiya



A Amurka akwai lambar yabo mafi girma ta soja, wadda aka fara tanadar wa mayaƙan ruwa a 1861. Cikin baƙin da suka same ta, 'yan ci-rani daga ƙasar Ailan sun fi kowa yawa, kuma sunayensu na nan a rubuce.

Mu ma muna da namu gwarzon: Chari Maigumeri, ɗan Borno. Ya fara soja ne a hannun Jamusawa a Kamaru, har suka rataya masa lambar bajinta. Turawan Ingila suka kama shi, daga baya ya shiga rundunarsu, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, su ma suka karrama shi. Abokan gaba biyu, kowa ya sara masa! Yau barikin soja na Lokoja da sunansa ake kiran sa.

To, sauran fa? Dattawan ƙasar Kano da suka je Bama, suka dawo suka kama fartanya, wa ya rubuta su? Hakimai da dagatai, don Allah a tattara sunayensu tun jikokin da suka ji labari daga bakinsu suna raye.