Wa Zai Riƙe Shi Bayan Uwarsa?

Yau za mu yi magana a kan wani mutum wanda kusan kowannenku ya san irinsa.

Ya girma, har ya yi gemu, amma ba ya son haɗa ido da mutane. In ka gaishe shi, ko ya yi shiru, ko ya maimaita maka gaisuwarka. Hanya ɗaya yake bi kullum. In aka ɗauke masa tabarma daga inda ya saba ganinta, sai ransa ya ɓaci ƙwarai. Ƙarar injin niƙa takan sa ya toshe kunnuwansa. Wani ba ya magana sam. Wani yana magana, har ya fi mu lissafi, amma ba ya gane wasa ko habaici. Akwai mata ma masu wannan hali, ko da yake an fi ganinsa ga maza.

Likitoci suna kiran wannan hali otizim. A rediyo kuwa za ku ji ana cewa galahanga, ko da yake mutane suna kiran lalurori iri-iri da wannan suna. Ba hauka ba ne, ba kuwa aikin iska ba ne. Ba laifin uwa ba ne, kuma allurar rigakafi ba ta kawo shi. Da shi ake haifar mutum, gado kuwa yana da hannu a ciki ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum 1 cikin 127 yana da shi. Watau, in an bi wannan lissafi, garin da ke da mutum 1,000 zai sami kamar mutum 8. Babu maganin da ke raba mutum da shi. Ana dai koya masa, ya iya abubuwa da yawa, amma yaro mai galahanga zai zama babba mai galahanga.

To, ga inda maganar take. Yawanci uwa ce take riƙe da shi. Ita ta san abincin da zai ci. Ita ta san abin da yake nufi in ya buga ƙofa sau biyu. Uwa kuwa tana tsufa. Ran da ta kwanta dama, ina zai kwana? Wa zai ba shi tuwo? Wa zai tsaya masa in yara sun bi shi da jifa? Mun zaga azuzuwa da yawa a ƙasar Jega da Aliero da nan Maiyama, mun tarar mutane ba sa son wannan tambaya. Sai su ce, Allah ba zai bar shi ba. Gaskiya ne. Amma manomi ma ya dogara ga Allah, duk da haka yana gyara rumbunsa tun kafin kaka.

Kun ji abin da ya faru a Birnin Kebbi cikin 2020. An sami wani yaro ɗaure a turke tare da dabbobi, ya yi wajen shekara 2 a haka, bayan rasuwar uwarsa. Kun kuma ji yadda 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Kaduna da Daura cikin 2019, aka fito da ɗaruruwan mutane, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu. Ba duk dangin nan ne mugaye ba. Waɗansu gajiya suka yi, ba su san abin da za su yi ba. Abin da rashin shiri ke jawowa ke nan. Ku sani kuma akwai doka. A Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, a Janairun 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ɗaure mutum a turke zalunci ne, ko da ɗanka ne.

Wani zai ce, to, Gwamnati ta gina musu gida mana. A ƙasashen Turawa akwai irin waɗannan gidaje. A jihar Ohayo ta Amurka akwai wata gona mai suna Bittersweet, an buɗe ta a 1983, manya masu galahanga suna zaune a ciki suna aikin lambu da kula da dabbobi. Amma ko a can gidajen ba su isa ba, iyali sukan yi shekaru suna jiran wuri. Da can sun gwada tara mutane dubbai a manyan gidaje nesa da gari, suka ga abin ya zama kurkuku, suka rufe yawancinsu. Mu a nan, asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kusa da Sakkwato, wurin ganin likita ne. Za a duba mutum a ba shi magani in yana bukata, sa'an nan ya komo gida. Hakkinmu ne mu nemi Gwamnati ta taimaka, kuma mu yi ta nema. Amma kada uwa mai shekara 60 ta zauna jiran ginin da ba a ko haƙa harsashinsa ba.

Wani likitan ƙasarmu, Dokta Lambo, ya gane wannan tun a 1954. A Aro, kusa da Abekuta, ya riƙa saukar da masu ciwon ƙwaƙwalwa a gidajen mutanen ƙauye, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a. Ciwonsu dabam ne da abin da muke magana a kai, amma dabarar ta yi suna a duniya.

Bari mu ba ku labarin mutumin da aka fara rubuta wa wannan suna na otizim. Sunansa Donald Triplett, an haife shi a 1933 a wani ƙaramin gari, Forest, a jihar Misisipi ta Amurka. Yana ƙarami aka kai shi wani gidan ajiye yara, ya ƙara shiga cikin kansa, iyayensa suka je suka ɗauko shi bayan kamar shekara guda. A 1943 wani likita, Leo Kanner, ya rubuta bayanin yara 11 masu wannan hali, Donald ne na farko a cikinsu. Iyayensa kuma sun ba wani manomi da matarsa riƙonsa, ya yi shekara 4 a gonarsu.

Ku saurari abin da manomin nan ya yi. Ya ga yaron ba shi da aiki sai ƙirga kunyoyin masara, ya ƙirga ya sake ƙirgawa. Bai hana shi ba. Sai ya ba shi doki da garma, ya ce ya riƙa ƙirga kunyoyin yana huɗa. Ya ga yana son aune-aune, sai ya sa shi haƙa rijiya, yana auna zurfinta yana kawo labari. Da likitan ya kai ziyara a 1945, ya tarar da yaron yana riƙe da garma sosai. Manomin nan bai yi karatun likita ba. Lura ya yi da abin da yaron yake so, ya mai da shi aiki.

Donald ya girma ya yi aiki a bankin garinsu shekara da shekaru. Bayan iyayensa sun rasu ya ci gaba da zama a gidan da ya tashi, ƙanensa yana sa masa ido. Da 'yan jarida suka je neman labarinsa, mutanen garin suka ja musu kunne kada su kuskura su cuce shi. Ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Gaskiya ne iyayensa masu hali ne, sun ajiye masa dukiya, kuma ba kowane mai galahanga ne zai kai inda ya kai ba. Waɗansu har abada sai an yi musu wanka an ba su abinci. Amma gida da aiki da garin da ya san shi, waɗannan ba su fi ƙarfin Maiyama ba.

To, mu zo kan namu. A ba shi ɗakinsa a cikin gida, ɗakin da kowa ya san nasa ne. Ya kasance nesa da turmi da injin, in da hali. Kada a riƙa canza masa wurin kaya. A rufe bakin rijiya, gama waɗansunsu suna son ruwa, ba su kuwa san hatsarinsa ba. Wanda ke yawan fita, a sanar da mai unguwa da masu shago da 'yan kabu-kabu, in sun gan shi a bakin titi su komo da shi. Titin da ya ratsa mu zuwa Jega ba ya rabuwa da manyan motoci.

Aiki kuwa yana da yawa a ƙasarmu. Mutumin da ke son jera abu daidai, ai shi ya dace da tsince albasa, manya gefe, ƙanana gefe, ruɓaɓɓu waje. Ku tambayi manoman Aliero irin hasarar da ruɓaɓɓiya ɗaya take jawowa a cikin rumbu. Akwai ba tumaki dusa da ruwa, akwai ban ruwan lambu, akwai ɓarar gyaɗa. A koya masa kaɗan-kaɗan, a nuna masa da hannu, a yi abin a lokaci ɗaya kowace rana. In ya yi aiki a biya shi kamar kowa. Wanda ya sa shi ɗaukar buhu yini guda ya sallame shi da goro, ya ci haram, kuma mu da muka gani muka yi shiru muna da namu alhakin.

Farfaɗiya takan haɗu da galahanga. Ita tana da magani a asibiti, a sha kullum ba fashi. In kuka ga mutum mai sanyin hali ya soma dūkan kansa ko cizon hannu, ku duba haƙorinsa da cikinsa da kunnensa kafin ku ce iskokinsa sun tashi. Sau da yawa ciwo ne ke damunsa, ba shi da bakin faɗa.

Mata sun fi shiga hatsari. Miyagu sun san ba za ta iya ba da labari ba. Kada a aike ta ita kaɗai da dare, kada kuma a ɗora mata talla. Sa'an nan aure ba magani ba ne. Akwai masu galahanga da suka yi aure suka zauna lafiya, domin sun san abin da ake ciki sun kuma yarda. Amma a ɗaura wa yarinya aure don a huta da ita, a kai ta gidan da ba wanda ya san halinta, wannan jefa ta cikin wahala ne.

Yanzu maganar dukiya, wadda ita ce ke raba zumunta. A Musulunci mai galahanga yana cin gadonsa cikakke, daidai da 'yan'uwansa. Rashin magana ba ya rage masa ko taki ɗaya na gona. In ba zai iya juya dukiya ba, sai a naɗa masa waliyyi ya riƙe masa, ya ciyar da shi ya tufatar da shi daga ciki. Uba yana iya naɗa wasiyyi tun yana da rai. Ku lura da wani wuri da mutane ke tuntuɓe. Uba yakan ce, bayan raina ɗakin nan da gonar fadama na wane ne. Wannan wasiyya ce, wasiyya kuwa ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai sauran magada sun yarda. In kana son ka keɓe masa ɗaki ko gona, ka je wurin alƙali ko malamin da ya san gado tun kana da lafiya. Zai nuna maka hanyar kyauta ko ta hubusi, da yadda ake karɓa a madadinsa, da shaidun da ake bukata.

Wa za a zaɓa ya riƙe shi? Ba lalle sai babban wa ba. A duba wanda shi mai lalurar yake sakin jiki da shi. A tambayi matar gidan kuma, gama ita za ta dafa, ita za ta wanke. In ba a shawarce ta ba, riƙon ba zai yi ƙarko ba. Sauran dangi su yanka abin da kowa zai kawo, wannan damin gero, wancan kuɗin magani, wata ta karɓe shi ran Juma'a domin mai riƙo ya huta. Mai riƙon da ba ya hutawa shi ne yake neman igiya.

Duk wannan a rubuta shi. Nan ne karatun da kuke yi zai yi muku rana. Takarda ɗaya ta dukiya ce da sunan mai riƙo, da shaidu, a ajiye ɗaya a gida, ɗaya wurin hakimi. Ta biyu kuwa a zauna da uwa, tana faɗa ana rubutawa. Me yake ci, me ba ya ci? Me yake tsoro? In ya fusata, me ke kwantar masa da rai? Wane magani yake sha, sau nawa? Yaya yake nuna yana jin ciwo? Abin da ta sani cikin shekara 30 ba ya wuce shafi biyu, amma in ba a rubuta ba, da ita za a binne shi.

Kada kuma a jira ranar zaman makoki kafin a damƙa shi ga sabon hannu. Mutumin da ɗauke tabarma ke tayar wa hankali, ku auna yadda zai ji in ya rasa uwa da ɗaki da mai ba shi abinci rana ɗaya. A fara tun yanzu. Wanda aka zaɓa ya riƙa kai masa abincin rana sau ɗaya a mako, uwa tana zaune a gefe. In ya saba, a mai da shi sau biyu. Bayan 'yan watanni, in gidan dabam ne, ya je ya kwana can dare ɗaya, da tabarmarsa da kwanonsa.