Mai Jirgi Daban, Mai Layi Daban

(Jawabin da kwamitin tarihi da al'adu ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara)

 

Da yawa daga cikin dattawan da ke zaune a nan, a jirgin ƙasa suka fara barin gida zuwa makaranta ko neman abinci, kuma har yau ba su manta da kukan jirgin ba, da ƙaurin kwal, da hayaniyar 'yan talla a tasha. Shi ya sa duk lokacin da ɗayanmu ya ga tsohon kan jirgi yashe cikin ciyawa, tsatsa na cinsa, sai ya ce ina ma a gyara shi a ɗebi yara su ga abin da kakanninsu suka hau. Buri ne mai kyau. Sai dai akwai tambayar da ke gaba da gyara, wadda mutane ba su cika yi ba: idan an gyara shi, a kan layin wa zai yi tafiya? Domin amsa ta, mun zaɓo labarin wani kan jirgi guda a ƙasar Amurka, wanda ya daɗe yana fama da wannan tambaya.

A birnin Roanoke da ke jihar Virginia, kamfanin jiragen ƙasa na Norfolk and Western ya ƙera kawunan jirage 14 iri ɗaya tsakanin 1941 da 1950, masu aiki da kwal da tururi, waɗanda ke iya jan taragun fasinja da gudun da ya kai mil 100 a cikin awa guda. Ɗaya daga cikinsu, mai lamba 611, ya fito daga maƙera a 1950. Bai yi shekara goma yana aiki ba injinan dizal suka karɓe fage, aka sallame shi a 1959. An yanyanka 'yan'uwansa 13 an sayar a matsayin tsohon ƙarfe, shi kaɗai ya tsira, aka ajiye shi a gidan adana kayan tarihin sufuri na garin.

A 1982 kamfanin ya haɗe da Southern Railway, suka zama Norfolk Southern, babban kamfanin dakon kaya. Shugabansa na farko, Robert Claytor, mutum ne mai ƙaunar tsofaffin jirage, kuma da goyon bayansa aka gyara 611 ya koma kan layi a wannan shekarar, yana ɗibar 'yan yawon buɗe ido daga gari zuwa gari. Ranar 18 ga Mayu, 1986, yana jan taragu ɗauke da ma'aikatan kamfanin da iyalansu kimanin 1,000, sai taragu da dama suka sauka daga layi a dajin fadamar Great Dismal Swamp. Mutum 177 suka ji rauni, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Daga nan kamfanin ya ƙayyade wa jiragen tururi gudun mil 40 a awa. Claytor ya rasu a 1993. A 1994 shugabannin da suka biyo baya suka rufe shirin baki ɗaya, suna kafa hujja da tsadar inshora, da batun kiyaye haɗari, da cunkoson jiragen kaya a kan layi. Kan jirgin ya koma gidan tarihi da lafiyarsa, ya zauna shekara 20 ba a hura masa wuta ba.

A ƙarƙashin wani shugaban, Wick Moorman, kamfanin ya sake buɗe ƙofa ga jiragen tururi a 2011. Gidan tarihin ya kafa gidauniya a 2013, jama'a suka yi karo-karo, shi kansa Norfolk Southern ya ba da dala miliyan 1.5. Aka kai kan jirgin garin Spencer a jihar North Carolina aka gyara shi, kuma ranar 30 ga Mayu, 2015, ya shigo Roanoke da ƙarfin tururinsa, dubban mutane suka yi dafifi a gefen layi suna tarbarsa. A wannan shekarar Moorman ya sauka daga kujerarsa, kuma a ƙarshenta shirin kamfanin ya zo ƙarshe. An bar gidan tarihin ya shirya tafiye-tafiyensa a 2016 da 2017. A watan Maris na 2018, Amtrak, wato kamfanin jiragen fasinja na gwamnatin tarayya, wanda ƙungiyoyi da yawa ke raɓawa da shi domin samun inshora da izinin bin layin kamfanonin kaya, ya ba da sanarwar daina yawancin jiragen shata. A wannan shekarar 611 bai ja fasinja a kan babban layi ba. A 2019 sai ga kan jirgin da aka ƙera domin gudun mil 100 yana kai da komowa a kan layin Strasburg a jihar Pennsylvania, wanda tsawonsa bai kai mil 5 ba. A 2023 ya samu layin wani ƙaramin kamfani, Buckingham Branch, ya yi jigilar mutane tsakanin Goshen da Staunton, tafiyar kimanin mil 30.

Jama'a, abu ne mai sauƙi a saurari wannan labari a yanke hukuncin cewa kamfanin kaya ne mai laifi. Amma adalci shi ne a ji ta bakin kowane ɓangare, domin ruwa ba ya tsami banza.

A Amurka, mafi yawan layukan dogo mallakar kamfanonin dakon kaya ne. Su suke gyara su, su suke biya musu haraji. Doka ta wajabta musu barin jiragen Amtrak su bi, tun da aka kafa shi a 1971, amma ba ta wajabta musu karɓar jirgin wani gidan tarihi ba. A wurare da yawa layin guda ɗaya ne, sai an yi tafiya mai nisa kafin a iske inda wani jirgi zai raɓe wani ya wuce. Jirgin kaya guda kan ja taragu fiye da 100, kuma idan aka tsayar da shi domin jirgin 'yan yawo, jinkirin yakan shafi na bayansa har zuwa tashar jiragen ruwa. Shi kuma kan jirgin tururi sai ya tsaya shan ruwa, da ɗibar kwal, da shafa mai, alhali tankunan ruwan da aka gina domin irinsa an rushe su tun tuni. Ga 'yan kallo da masu ɗaukar hoto da ke hawa kan layi. Ga kuma batun diyya: dokar 1997 ta sa iyakar abin da za a biya fasinjoji a haɗari guda a kan dala miliyan 200, aka ɗaga ta zuwa miliyan 295 a 2015. Kamfanin da aikinsa jigilar kwal da hatsi, me zai sa ya ɗauki irin wannan kasada a kan tafiyar da ribarta ba ta taka kara ta karya ba? Bugu da ƙari, bayan karon jirage da ya kashe mutum 25 a Chatsworth ta jihar Kalifoniya a 2008, an yi dokar da ta tilasta sanya na'urar da ke tsayar da jirgi da kanta a manyan layuka, kuma ɗora wannan na'ura a kan injin 1950 aiki ne mai wuya da tsada.

Su ma masu gidan tarihi suna da abin faɗa. Dokar ƙasar ta ce dole a kwance tukunyar tururin kowane kan jirgi a bincike ta ciki da waje bayan kwana 1,472 na aiki, ko kuma bayan shekara 15, duk wanda ya riga zuwa. Ke nan agogon shekara 15 ɗin nan yana tafiya ko jirgin na aiki ko yana kwance. Duk shekarar da aka hana shi layi, an ci wani kaso na kuɗin da talakawa suka tara, kuma kuɗin tikitin dogayen tafiye-tafiye, waɗanda da su ake sa ran yin gyara na gaba, ba su shigo ba. Ƙwararrun da suka san sirrin tururi suna tsufa, matasa kuwa ba sa koyon tuƙi a kan injin da ke tsaye. Sannan garuruwan da jirgin ke yada zango suna rasa cinikin masauki da na abinci. Suna kuma tunatar da kamfanin cewa kakannin mutanen Roanoke ne suka ƙera wannan ƙarfe da hannunsu, a maƙerar kamfanin, domin wannan layin.

Idan muka auna hujjojin biyu, za mu ga cewa ba ƙiyayya ce ta raba su ba, tunda kamfanin da ya rufe ƙofa shi ne ya ba da gudummawa mai tsoka wajen gyara. Abin da ya faru shi ne, damar da gidan tarihin ke da ita ta rataya ne a kan son ran mai layi. Sau biyu ƙofa ta buɗe a zamanin shugaban da ke da sha'awar abin, sau biyu kuma ta rufe bayan tafiyarsa. Iyayenmu sun riga sun gaya mana cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Domin a ga bambanci, mu dubi wasu misalai biyu. Kamfanin Union Pacific ya karɓo wani ƙaton kan jirgi mai lamba 4014, wanda ake wa laƙabi da Big Boy, daga wani gidan tarihi a Kalifoniya, ya gyara shi, ya dawo da shi aiki a 2019, ya yi ta zagaya jihohi da shi. Bai nemi izinin kowa ba a kan layinsa, domin jirgin nasa ne, layin ma nasa ne. A Birtaniya kuwa wata hanya aka bi. Dokar 1993 ta raba mallakar layi da tafiyar da jirage, aka kafa hukuma mai sa ido wadda ke amincewa da yarjejeniyar bin layi. Saboda haka tsohon kan jirgin nan Flying Scotsman, mallakar gidan tarihin jiragen ƙasa da ke York, ya samu komawa babban layi a 2016. Amma haƙƙin yana tafe da sharuɗɗa. Ranar 7 ga Maris, 2015, wani jirgin tururi ya ƙetare jar sigina a Wootton Bassett, ya tsaya a kan mahaɗar layi kimanin minti guda bayan wucewar wani jirgin fasinja mai gudu. Hukumar Network Rail mai kula da layukan ta dakatar da kamfanin da ke tafiyar da shi, West Coast Railways, na wasu makonni, kotu kuma ta ci shi tarar fam 200,000 a 2016. Inda doka ta tsara abin, kowa ya san abin da ke kansa, an kuma san wanda zai raba gardama.

To, ina ruwanmu da rigimar mutanen Virginia? Layukanmu ma domin kaya aka shimfiɗa su. Gyaɗa da auduga da fatu da kuza ne suka jawo dogo ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Mun kuma riga mun ga abin da ke samun jirgin da ya rasa layinsa: ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos an rufe shi a 1957, abin da ya rage na jiragensa yana ajiye a gidan tarihi na Jos, ba inda za shi. Tsohon layinmu faɗinsa milimita 1,067 ne, sababbin da aka gina, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, faɗinsu 1,435 ne, don haka babu tsohon kan jirginmu da zai iya hawa sabon layi ko da an ba shi izini. Sannan a watan Maris na 2023 an yi wa tsarin mulki gyaran da ya ba jihohi ikon yin doka a kan harkar jiragen ƙasa tare da gwamnatin tarayya. Duk ranar da masu ruwa da tsaki suka yawaita a kan dogo, tambayar wa zai bi layin wa za ta taso mana, kuma mai kaya ne zai zo da kuɗi a hannu.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu da ke majalisu, da ma'aikatun gwamnati, da lauyoyinmu, da 'yan kasuwarmu. Idan aka zo rubuta doka ko yarjejeniyar ba da hayar layi, a sa wa jiragen tarihi gurbi a rubuce: kwana nawa a shekara, a kan wane kuɗi, inshorar nawa, kuma wa zai yi hukunci idan aka saɓa. Duk al'ummar da ke son raya tsohon jirgi, ta fara samun takardar layi kafin ta tara kuɗin gyara, kuma ta fi mayar da hankali a kan ɗan gajeren reshe da jiragen kaya suka daina bi, domin mil 5 da ke hannunka ya fi mil 500 na alfarma. Idan kuma an zauna da masu dakon kaya, a je da sanin cewa jinkirin awa guda asara ce ta gaske a wurinsu, a zo musu da tsarin da zai kare lokacinsu. Alkawarin baki na babban mutum abin girmamawa ne, amma kujera ba ta dawwama ga kowa, mutanen Roanoke sun shaida haka a 1994, suka sake shaidawa bayan 2015.

  Allah ya jiƙan magabatanmu da suka yi aikin reluwe da guminsu, ya ƙara haɗa kanmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.