Tsufa da Mantuwa: Darasi Daga Kasuwar Kamba



Idan yaro ya manta inda ya ajiye hularsa, sai mu ce sakaci ne. Idan dattijo ya manta, sai mu ce gigin tsufa ya zo. Wannan hukunci nake so mu duba yau.

Mu ɗauki Kamba, hedkwatar ƙaramar hukumar Dandi a Jihar Kebbi, wadda ke bakin iyakar Nijar, ga Benin kusa. Ɗan kasuwar da ya haura saba'in a can ya buɗi ido da fam da sule, ya koma naira da kwabo a 1973. In ya ƙetara Gaya, ko ya bi ta Lolo a yankin Bagudo ya shiga Benin, sai ya ƙirga sefa dala-dala, wato kowace dala tamma biyar. Yana ciniki da Hausa da Dandanci, bashin da yake bin mutane kuwa duk a ka yake. Ashe wannan ne za a ce ƙwaƙwalwarsa ta mutu?

Tun da can mun san hadda abar kiwo ce. Littafin Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya lissafa zuma da asuwaki cikin masu ƙarfafa ta, amma ya sa naci da maimaitawa a gaba. Masana halayyar ɗan'adam ma sun gano cewa tsufa yakan jinkirta tuno suna ko sabon abu, amma kalmomi da sanin da aka daɗe ana aiki da shi sukan zauna daram. Haka kuma, tsohon da aka cusa wa cewa ba ya iya tunawa yakan daina ƙoƙari.

To, a nan laifinmu yake. Da sunan tausayi mukan ce, "Baba, zauna ka huta," mu karɓe masa rumfa da lissafi. Wuƙar da aka daina wasawa kuwa, ai tsatsa ce rabonta.

Sai dai a lura: tsohuwar da ta ɓace a unguwarsu, ko ta kasa gane ɗanta, ciwo gare ta. Likita take bukata, kada a ce mata mayya.

Saboda haka, in kun koma gida, ku bar wa tsofaffinku aikinsu, ku riƙa tambayarsu asali da tarihi. Allah ya sa mu yi kyakkyawan tsufa.